BABI NA UKU: JARUMTAKA DA BINCIKE DA SIHIRI A FINA-FINAN SIN DA AKE KALLO A ƘASAR JAHUN

3.0 Gabatarwa

Wannan babi zai yi bayani a kan wani rukuni na fina-finan ƙasar Sin wanda ya haɗa abubuwa uku a cikin labari guda, wato faɗan takobi da tashi sama, da binciken laifin kisa, da kuma al'amuran aljanu da fatalwa da sihiri. Za a fara da nuna hanyar da irin waɗannan fina-finai suka bi har suka iso ƙasar Jahun. Daga nan sai a duba tushen kowane ɗaya daga cikin abubuwan nan uku a adabin Sinawa, sannan a ɗauki fina-finan Alƙali Di a matsayin misali. A ƙarshe za a kwatanta abin da ke cikinsu da abin da Bahaushe ya riga ya sani a adabinsa da al'adunsa. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, duk da yawan abubuwan ban tsoro da ake nunawa, babban jigon waɗannan fina-finai shi ne neman hujja kafin a yanke wa wani hukunci.

3.1 Yadda Fina-finan Sin Suka Iso Jahun

Jahun ƙaramar hukuma ce a tsakiyar Jihar Jigawa, a cikin masarautar Dutse, tana maƙwabtaka da Kiyawa da Miga. Ƙidayar shekarar 2006 ta nuna tana da mutum fiye da 229,000, akasarinsu manoma da makiyaya da 'yan kasuwa. Kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, wannan yanki yana cikin Jihar Kano ne, saboda haka kusan duk wani sabon abin kallo da ya shigo cikinsa ta birnin Kano ya biyo.

A Kano an buɗe gidan siliman Rex a 1937, daga baya wasu suka biyo kamar Palace da Plaza da Orion. Larkin (1997) ya bayyana cewa a lokacin da ya yi nazarinsa, gidajen siliman Kano sukan nuna fim ɗin Indiya dare biyar a mako, dare ɗaya na Hong Kong, ɗaya kuma na Amurka. Wannan dare ɗaya ya isa ya sa matasa su san Bruce Lee, wanda ya fito a The Big Boss a 1971 da Enter the Dragon a 1973, shekarar da ya mutu, da kuma Wang Yu da Jackie Chan. Daga nan ne kalmomi irin su “Canis” da “kareti” da “bos” suka zauna a bakin Hausawa.

Mutumin ƙauye ba lallai ne ya taɓa shiga silima ba. Abin da ya kai masa fim har ƙofar gida shi ne kaset ɗin bidiyo, wanda ya yaɗu tun daga shekarun 1980, da gidajen kallo masu aiki da janareta. Bayan kaset sai faifai ya zo, wanda 'yan kasuwa suka riƙa sarowa daga Kano, musamman kasuwar Ƙofar Wambai. A yau kuwa wayar hannu ce ta karɓe wannan aiki, inda masu tura fina-finai suke zuba wa mutum abin da yake so a cikin memori a kan kuɗi kaɗan. Bugu da ƙari, kamfanin StarTimes na ƙasar Sin ya fara aiki a Nijeriya a 2010 tare da haɗin gwiwar NTA, kuma ɗakunan fassara na Kano irin su Algaita sun saba wa mutane da jin fim ɗin wata ƙasa da Hausa. Wannan ya kawo babban canji. A da, mai kallo faɗa kawai yake bi da ido domin ba ya jin harshen, shi ya sa fim mai sauƙin labari ya fi karɓuwa. Da sauraron fassara ya zama ruwan dare, sai fim mai sarƙaƙiyar labari, irin wanda sai an bi magana daki-daki kafin a gane mai laifi, shi ma ya sami masu sha'awa.

3.2 Tushen Wannan Rukuni a Adabin Sinawa

3.2.1 Labaran Jarumtaka

Sinawa suna kiran labaran jarumai masu takobi da sunan wuxia. Jarumin irin wannan labari ba sojan sarki ba ne. Mutum ne mai yawo wanda ya koyi faɗa a wurin wani maigida, yana taimakon wanda aka zalunta, yana kuma cika alkawari ko da zai rasa ransa. An fara mayar da waɗannan labarai fim tun zamanin da fim ba ya magana. Wanda ya fi shahara shi ne The Burning of the Red Lotus Temple da aka fara a birnin Shanghai a 1928, aka yi ta ƙara masa kashi har 18 zuwa 1931. A wannan shekara gwamnatin ƙasar ta fara hana irin waɗannan fina-finai bisa zargin suna cusa wa jama'a camfi. Daga baya sana'ar ta bunƙasa a Hong Kong da Taiwan. A can ne kamfanin Shaw Brothers ya fitar da Come Drink with Me na King Hu a 1966, da One-Armed Swordsman na Chang Cheh a 1967, wanda ya ɗaukaka sunan Wang Yu.

Ya kamata a bambanta wannan da fim ɗin kareti na su Bruce Lee. A fim ɗin kareti, hannu da ƙafa ake amfani da su, kuma ɗan wasa yana ƙoƙarin nuna abin da jikin mutum zai iya yi da gaske. A wuxia kuwa jarumi yana gudu a kan ruwa, yana tsayawa a kan reshe, yana taɓa wata gaɓa a jikin abokin gaba ya sandare. Ana yin haka ne ta hanyar ɗaure ɗan wasa da siririyar waya a ja shi sama, daga baya kuma aka shigo da aikin kwamfuta.

3.2.2 Labaran Shari'a da Bincike

Kashi na biyu shi ne labaran da ake kira gong'an, wato labaran shari'ar da aka kawo gaban mahukunci. A tsohuwar ƙasar Sin, hakimin gunduma shi ne alƙali, shi ne kuma mai bincike. Shi zai je inda aka yi kisa, ya sa a duba gawa, ya tambayi shaidu, sannan ya yanke hukunci. Tun a 1247 wani jami'i mai suna Song Ci ya rubuta littafi a kan yadda ake duba gawa a gane ko duka ne ya kashe mutum, ko guba, ko nutsewa a ruwa.

Alƙalai biyu ne suka fi fitowa a waɗannan labarai, kuma dukkansu sun rayu da gaske. Na farko Bao Zheng, wanda ya rayu daga 999 zuwa 1062. Na biyu Di Renjie, wanda ya rayu daga 630 zuwa 700. A cikin labaran, ba a raba bincike da gaibu. Alal misali, a wani labari na Alƙali Bao, an kashe wani fatake aka ƙona gawarsa, aka cuɗa tokar da yumɓu aka gina tukunya, sai fatalwarsa ta yi magana daga cikin tukunyar ta kai ƙara. A tsohon littafin Alƙali Di kuwa, wanda ba a san marubucinsa ba, alƙalin ya kwana a ɗakin bauta ya yi mafarkin da ya ba shi haske. Amma a cikin littafin nan dai, mutuwar wata amarya da aka ɗora wa wani baƙon biki ta zamo dafin maciji ne da ya ɗigo daga rufin ɗaki cikin ruwan shayi. Haka nan wata mata da ta kashe mijinta ta ƙi amsa laifi, sai alƙali ya sa yaransa suka yi shigar ma'aikatan lahira cikin dare, tsoro ya kama ta, ta faɗi gaskiya. Ke nan tun a tushe akwai gaibu iri biyu a waɗannan labarai: wanda labarin ya ɗauka gaskiya ne, da wanda mutane suka shirya da hannunsu.

Wani jami'in jakadancin ƙasar Holan, Robert van Gulik, shi ya fassara wannan littafi zuwa Ingilishi a 1949, sannan ya ci gaba da rubuta nasa labaran a kan alƙalin har ya mutu a 1967. Ya rage yawan fatalwa, ya kuma ɓoye mai laifi sai a ƙarshe, saɓanin al'adar Sinawa ta bayyana shi tun da wuri. Ta hannunsa ne sunan Alƙali Di ya zaga duniya.

3.2.3 Labaran Fatalwa da Aljanu

Kashi na uku shi ne labaran abubuwan al'ajabi. Wanda ya fi suna a nan shi ne Pu Songling, wanda ya rayu daga 1640 zuwa 1715, ya tara gajerun labarai kusan 500 a kan fatalwa da dila mai rikiɗa ta zama mace. Daga ɗaya cikin labaransa aka yi A Chinese Ghost Story a 1987, inda wani mai karɓar bashi ya kwana a kangon ɗakin bauta ya kamu da son wata fatalwa da wata dodanniyar bishiya take bautarwa. Kafin wannan an yi Mr. Vampire a 1985, mai nuna gawa mai tsalle da hannuwa a miƙe. Bokan da ke cikin fim ɗin yana tsayar da ita ne ta hanyar manna mata rubutacciyar takarda a goshi, yana kuma amfani da ɗanyar shinkafa mai danƙo wajen cire dafinta. A irin waɗannan fina-finai ba a tababar ko fatalwa gaskiya ce. Tana nan, aikin jarumi kawai ya san maganinta.

3.3 Haɗuwar Kashin Uku

Marubuci Gu Long, wanda ya rayu daga 1938 zuwa 1985, shi ya fi kowa shigar da bincike cikin labarin takobi. Jarumansa sukan tarar da gawa ne da farko, sannan su shiga neman wanda ya yi kisan. Mai ba da umarni Chor Yuen ya mayar da littattafansa da dama fim, kamar Killer Clans a 1976 da Clans of Intrigue a 1977.

Sai dai wanda ya ɗaure kashin uku wuri ɗaya shi ne Tsui Hark, haifaffen Biyetnam da ya yi karatun fim a Amurka ya zauna a Hong Kong. Fim ɗinsa na farko, The Butterfly Murders na 1979, labari ne na wani gidan sarauta da ake cewa malam-buɗe-littafi ne yake kashe mutanensa, sai bincike ya nuna akwai hannun mutum a ciki. Shi ne kuma ya ɗauki nauyin A Chinese Ghost Story. Bayan shekara 31 da fim ɗinsa na farko ya dawo kan wannan hanya da fina-finan Alƙali Di.

3.4 Alƙali Di a Tarihi

Di Renjie ya yi aiki a daular Tang, ya kuma zama waziri a zamanin Wu Zetian, mace ɗaya tak da ta hau gadon sarautar Sin da sunan kanta, daga 690 zuwa 705. Littattafan tarihin daular sun ce a lokacin da yake babbar kotu ya warware shari'un da suka shafi mutum 17,000 cikin shekara ɗaya ba tare da wani ya yi kukan an zalunce shi ba. Sun kuma ce da aka tura shi rangadi kudancin ƙasar a 688, ya sa an rushe ɗakunan tsafi kusan 1,700. A 692 aka yi masa ƙazafin cin amanar sarauta aka ɗaure shi. Ya kuɓuta ne ta hanyar rubuta kokensa a ƙyalle ya ɓoye a cikin rigar sanyi aka fita da ita, har ɗansa ya kai wa sarauniya. Wato mutumin da fim ya ɗauka jarumi ya san zafin ƙazafi a jikinsa, kuma ba mai saurin yarda da abin da aka ce tsafi ne ba. Abin da tarihi bai nuna ba shi ne cewa ya iya faɗa. Wannan ƙarin masu fim ne.

3.5 Zubi da Tsarin Fina-finan

3.5.1 Fim na Farko, 2010

Detective Dee and the Mystery of the Phantom Flame ya fito a 2010. Andy Lau ne ya fito a matsayin Di, Carina Lau a matsayin sarauniya, Sammo Hung kuma ya tsara faɗan. Labarin ya faru ne gab da naɗin sarauniya, ana gina wani ƙaton gunki a gaban fada a birnin Luoyang. Wani jami'i da ke zagayawa da baƙo a cikin gunkin ya kama da wuta daga cikin jikinsa ya ƙone ƙurmus. Ma'aikata suka ce ai ya taɓa layun da aka rataye ne, fushin sama ya same shi. Jami'in da ya zo bincike shi ma ya ƙone haka. Daga nan wata barewa mai magana, wadda ake cewa da bakinta babban malamin fada yake isar da saƙo, ta ce a fito da Di daga kurkuku, inda ya shekara 8 saboda adawa da sarauniya.

Abin lura shi ne yadda Di ya bi abubuwan nan ɗaya bayan ɗaya. Ya lura cewa waɗanda suka ƙone duk sai da suka fita cikin rana. Wannan ya kai shi wata kasuwa ta ƙarƙashin ƙasa, inda wani tsohon likitan fada ya gaya masa labarin wani ƙwaro mai dafi wanda in dafinsa ya shiga jikin mutum, rana tana taɓa shi sai ya kama da wuta. Barewar nan kuwa ba ita ke magana ba. Wata hadimar sarauniya ce take jefa murya, ita ce kuma take sauya kamanninta da allurai ta fito a matsayin malamin fada, domin a riƙa kawar da abokan hamayya da sunan gaibu. A ƙarshe mai kisan ya zamo tsohon abokin Di ne, Shatuo, mai kula da ginin, wanda aka yanke wa hannu a dalilin tawayen da ya kai Di kurkuku. Ya shirya gunkin ya faɗo a kan fada ranar naɗi, ya kuma kashe jami'an ne don sun kusa gano shirin. Di ya ceci sarauniyar da ta ɗaure shi, shi kuma dafin ya shige shi, dole ya koma zama inda rana ba ta kaiwa. Fim ɗin ya shiga gasar birnin Venice a 2010, kuma a 2011 ya samo wa Tsui Hark da Carina Lau lambobin yabo a Hong Kong.

3.5.2 Fim na Biyu da na Uku

Young Detective Dee: Rise of the Sea Dragon na 2013 ya koma baya zuwa ƙuruciyar Di, Mark Chao ne ya fito a matsayinsa. A nan dodanni biyu ne. Na farko mutum ne mai sana'ar ganyen shayi da aka sa wa wata tsutsa a jiki har halittarsa ta sauya, kuma ta hanyar shayinsa aka shayar da manyan fada guba. Na biyu wata ƙatuwar dabbar teku ce mai farfasa jiragen yaƙi, wadda jama'a suka ɗauka abin bauta ce har suka shirya ba ta budurwa, alhali wasu mutanen tsibiri ne suka yi kiwonta don yaƙar daular. A Detective Dee: The Four Heavenly Kings na 2018 kuwa, makamin abokan gaba shi ne rufa-ido. Sun sa mutanen fada sun ga macijin da aka sassaƙa a jikin ginshiƙi ya tashi yana kisa. Su ma wata ƙabila ce da ta taimaki daular a farkonta aka saka mata da sharri.

3.5.3 Matakan da Labarin Yake Bi

Idan aka dubi fina-finan uku za a ga suna bin matakai huɗu. Da farko wani abin tsoro zai faru a gaban jama'a. Na biyu, jama'a da fadawa za su ba shi fassarar gaibu, wani kuma ya ci riba da wannan fassara. Na uku, mai bincike zai koma kan ƙananan abubuwa, kamar ruwan da mamaci ya sha, ko wurin da ya tsaya, ko wanda ya gan shi a ƙarshe. Na huɗu, za a gano mutum mai tsohuwar ƙullata, sannan a yi babban faɗa. Faɗan da ke tsakani yana da aiki a cikin binciken, domin galibi ana kai wa Di hari ne a daidai lokacin da ya kusa wata shaida, sai mai kallo ya gane an taɓo inda ke ciwo.

Duk da haka, ba za a ce fina-finan sun kore abin al'ajabi ba. Ƙwaron wuta da dabbar teku ba su cikin halittun da aka sani, kuma a fim na uku wani mai zuhudu ne da ƙaton farin biri suka kawo ɗauki. Abin da suka kore shi ne a ce laifi ba shi da mai shi. Ko da makamin ya fi ƙarfin hankali, akwai wanda ya ɗauke shi, akwai kuma dalilinsa.

Akwai wani dalili na kasuwa da doka da ya ƙarfafa wannan tsari. Bayan yarjejeniyar ciniki ta 2003 tsakanin Hong Kong da babban yankin Sin, masu fim na Hong Kong da yawa sun koma yin aiki da kamfanonin can, kuma dokokin tace fina-finai na can sun hana yaɗa camfi. Saboda haka fim ɗin da zai nuna fatalwa a farko ya bayyana ta a matsayin makirci a ƙarshe ya fi sauƙin wucewa. Labarin bincike ya ba su damar nuna dodo su kuma tsira daga almakashin hukuma.

3.6 Dangantaka da Adabi da Al'adun Hausawa

Mai kallo a Jahun ko Aujara ko Harbo ba da wofin kai yake zama gaban fim ba. Ta fuskar adabi, ya taso da tatsuniyoyin dodo da Gizo. Littattafan da gasar 1933 ta haifar, waɗanda Yahaya (1988) ya kawo tarihinsu, su ma cike suke da wannan. A Ganɗoki na Bello Kagara jarumi ya yi yaƙi da Turawa ya kuma shiga duniyar aljanu. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam an haɗa tafiya ƙasar aljanu da damfarar da Alhaji Imam da Malam Zurƙe suke yi wa juna da jama'a, wato gaibu na gaske da na ƙarya a littafi ɗaya, kamar dai yadda aka gani a labarin Alƙali Di. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, na 1951, shi ma jarumi ne mai ƙarfin da ya wuce na mutane.

Ta fuskar al'ada kuwa, kusan kowace bajinta ta jarumin wuxia tana da takwara a wurin 'yan tauri da mafarauta da 'yan dambe. Jikin da takobi ba ya ci shi ne tauri. Sandarar da abokin gaba ta yi kama da sagau. Ɓacewa daga ido ita ce layar zana ko baduhu. Kauce wa kibiya kuma kau-da-bara. Amma akwai bambanci mai muhimmanci. A wurin Bahaushe, waɗannan abubuwa haɗi ne da ake sha ko a ɗaura, a kiyaye sharuɗɗansa. A fim ɗin Sin kuwa akasari horo ne na shekaru a hannun maigida, da sarrafa numfashi, da haƙuri. Jarumin da ya yi ha'inci a wajen koyo shi ne yake shan kashi.

Inda dangantakar ta fi nauyi shi ne batun zargi. Bahaushe Musulmi ya yarda akwai aljanu, akwai sihiri, fim bai zo ya koya masa wannan ko ya raba shi da shi ba. Matsalar da ake fuskanta a garuruwa da ƙauyuka ita ce ta ɗora wa wani takamaiman mutum laifi. Yaro zai yi zazzaɓi mai zafi ya riƙa sambatu ya ambaci sunan wata tsohuwa, sai a ce ta kama kurwarsa, a tilasta mata ta tsallaka shi. Daga ranar an ɓata sunan gidan, 'ya'yanta mata su rasa manema, wani lokaci ma a kai ga duka ko kisa. A irin wannan hali ba a cika tsayawa a tambayi abin da yaron ya ci, ko an kai shi asibiti, ko kuwa akwai tsohuwar rigimar gona ko ta kishi tsakanin gidajen biyu ba. Waɗannan su ne irin tambayoyin da Di yake yi. Kuma ba baƙi ba ne a ƙasar Hausa, domin ƙa'idar kotunan Musulunci ita ce mai ƙara shi zai kawo shaida, Hausawa kuma suna cewa zato zunubi ko da ya zama gaskiya.

Har wa yau, fina-finan sun nuna cewa mai amfani da tsoron jama'a ba talaka kaɗai ba ne. A fim na farko fada ce da kanta ta ƙirƙiro barewa mai magana. Di bai rufa wa sarauniya asiri a kan haka ba, bai kuma bar abokinsa ya hallaka mutane don an zalunce shi ba. Wannan ya dace da siffar alƙalin kirki da Bahaushe yake yabo, wanda ba ya duban fuska.

Akwai kuma abubuwan da suka saɓa wa tarbiyyar Hausawa, waɗanda iyaye da malamai suke ƙorafi a kansu, kamar gumaka da ɗakunan bautarsu, da shan giya, da shigar wasu mata, da kuma yadda yara suke kwaikwayon tsalle da duka a junansu. Wannan ƙorafi yana da tushe, kuma shi ya sa ya dace babba ya san abin da aka tura wa yaro a waya.

3.7 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa fina-finan Sin sun iso Jahun ta hanyar Kano, daga silima zuwa kaset da faifai da waya. An nuna cewa rukunin da ake nazari ya samo asali daga labaran jarumtaka da na shari'a da na fatalwa, kuma Tsui Hark ne ya fi haɗa su, musamman a fina-finan Alƙali Di na 2010 da 2013 da 2018. An kuma ga cewa tsarinsu yana farawa da abin da jama'a suka kira gaibu ya ƙare da mutum mai dalili. Kamancin da ke tsakanin bajintar jaruman da tauri ko layar zana shi ne yake jawo mai kallo, amma darasin da ya fi amfani ga al'ummar da har yanzu ake jifan mutane da maita shi ne na alƙalin da ba ya kama kowa sai ya ga shaida.